Gishiri a Gindin Lemo

A duk faɗin ƙasar Bagwai, har ka dangana da Tofa, babu mutumin da ya san haƙƙin abin da ke ƙarƙashin kulawarsa kamar Malam Kallamu. Wannan magana ce tabbatacciya, domin daga bakinsa aka ji ta, kuma ya sha maimaita ta a gaban shaidu.

Malam Kallamu ya karanci kiwon kifi a jami'a, ya yi wa gwamnati aiki a sashen kifi har furfura ta cika masa gemu. Saura ƙiris a ba shi darakta, shekarun ritaya suka riga takardar isowa. Ya tattara ya koma Tudun Gawo, ƙauyen da kakansa ya yada zango tun zamanin da ake kawo banda daga Tafkin Chadi a kan jakuna. Ya gyara gidan gado, ya sa sola, ya huda wa zaure taga. A cikin zauren ya girke akwatin gilashi mai tsawon gadon yaro, ya cika shi da ruwa, ya saka kifi guda ɗaya tal.

Tufi ne, baƙi-baƙi mai zane a jiki, kansa kamar na maciji. Ba ya cin gari, ba ya cin tsaki, sai abu mai rai da ke motsi. Yini yake yi kwance a ƙasan akwatin, yana kallon duniya da irin idon da ake kallon wanda ya kawo fayil bayan an tashi daga aiki. Malam Kallamu ya raɗa masa suna Darakta.

Abincin Darakta ƴan karfasa ne, ƙanana kamar ɗan yatsa, waɗanda Malam Kallamu ke karɓowa daga masunta a bakin dam, ya ɗauro su cikin jarka a bayan babur. Su kuma ya sa musu ƙananan ma'aikata. Ya yi musu rumfa a bayan zaure, ya jera rabin duro guda uku. Na farko na sababbin zuwa ne, a can ake killace su a ga ko sun zo da cuta. Na biyu na kiwo ne, inda ake ɗura musu dusa da garin ƙuli-ƙuli da dakakken zogale. Na uku na waɗanda suka yi ɓul-ɓul ne, masu jiran kira.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ake ba Darakta abinci a bainar jama'a. Zaure kan cika. Malam Kallamu ba ya sakin kifi sai ya yi bayani, kuma bayanin ya fi cin abincin tsawo nesa ba kusa ba.

Wata Juma'a Muntaka tela, wanda bakinsa bai san linzami ba, ya ce, "Yallaɓai, ni fa abu ɗaya ke ɗaure mini kai. Tunda ƙarshenta haɗiye su za a yi, duk wannan hidimar ta mece ce? Zogale fa! Ni da nake ɗan Adam rabona da zogale tun bara."

Malam Kallamu ya ce, "Muntaka, kai ma ƙarshenka kabari ne, amma ban ga ka daina cin tuwo ba."

Zaure ya kwashe da dariya. Malam Kallamu ya jira ta lafa, ya ɗaga yatsa.

"Abin da ƙarami ya ci, shi babba ke ci. Ka bar ƙaramin ma'aikaci da yunwa da cuta, ka tura shi ofishin darakta, me ya kai masa? Cuta. Shi ya sa nake cewa wanda za a ci ma yana da haƙƙi. Ruwa mai tsabta, iska, abinci, sarari. Ni abin da ke hannuna ba ya wulaƙanta."

"Wallahi da haka gwamnati ke riƙon nata da tuni na nemi aiki," in ji Muntaka. "A ƙalla in yi ƙiba kafin a haɗiye ni."

Zogalen da ake magana, Amsa ce ke daka shi.

Amsa matar Malam Kallamu ce. Daga wani gari a bakin Tafkin Chadi aka kawo ta, ta yi zaman gidajen gwamnati a birni har ƴaƴanta suka girma. Babban, wanda take kira Abba, yana aiki a Fatakwal. Juwairiyya tana aure a Kaduna. Da aka dawo Tudun Gawo, matan unguwa suka zo yi mata sannu da zuwa, suka yaba da tukwanenta, suka ce Hausarta da daɗi, suka koma gidajensu inda suke da surukai da jikoki da tsofaffin rigingimun da ba ta san farkonsu ba. Babu wadda ta ƙi ta. Haka nan babu wadda ta rasa wani abu ranar da ba ta gan ta ba.

A kusurwar tsakar gida, kusa da rijiya, tana da bishiyar lemon tsami. Zuwanta gida na ƙarshe, ta'aziyyar mahaifiyarta, ta tsinko lemo daga bishiyar da ke ƙofar ɗakin tsohuwar, ta ƙulle a gefen mayafi. Bayan nan hanya ta lalace, mutanen garin suka watse, gidan ma an ce babu rufi. Ta shuka ƙwayoyin, ɗaya ta tsira. Ta kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ta kafa mata sanda ta tashi a miƙe. Yanzu ta kai kafaɗar Amsa, ba ta taɓa yin fure ba. Duk abin da ya rage mata na gidan da aka haife ta, in ka cire harshen da ba ta da abokin yin sa, wannan bishiyar ce.

Kullum da la'asar Malam Kallamu kan sa tiyo ya zuƙe dattin ƙasan durorin a bokiti, ya ƙara musu sabon ruwa. Bokitin sai ya ajiye shi a bakin ƙofar da ta raba zaure da cikin gida, ya yi gyaran murya, ya juya. Amsa ta zo ta ɗauka ta juye a gindin lemo. Ruwan kore ne, yana ƙarni, amma bishiyar tana son sa, ganyenta har sheƙi yake yi. In aka cire sallama da "ga abinci" da "an gode", wannan gyaran muryar ita ce hira mafi tsawo da ke shiga tsakanin mijin da matar. Ba faɗa suka yi ba. Shi yana da zaure, ita tana da tsakar gida, kuma kowa ya san iyakar gonarsa.

Da aka gama kaka aka kai amfanin gona rumbu, zaure ya fara raguwa. Matasa suka tafi cirani. Dattawa suka ce kifi ya haɗiye kifi abu ne da in ka gani sau biyu ka gama ganinsa. Muntaka ne ya fi daɗewa, shi ma da ɗinki ya yi ƙasa ya ɗaure kekensa a kan mota ya nufi birni. Malam Kallamu ya ci gaba da bayani ranar Juma'a, ga Darakta, wanda bai taɓa katse shi ba, bai kuma taɓa yin dariya ba.

Sai bazara ta shigo da zafinta. Rijiya ta ja baya, guga ya fara dawowa da laka. A cikin wannan zafin abubuwa biyu suka faru. Lemon Amsa ya fitar da ƴan farare-fararen furanni a karon farko, ƙamshinsu ya cika kusurwar. A bayan zaure kuma ƙananan ma'aikata suka wayi gari da ɗigo-ɗigon fari a jiki kamar an barbaɗa musu gari, suna goga jikinsu da bangon duro, suna taruwa a saman ruwa suna haki. Sababbin zuwa ne suka kawo cutar, komar kamun kifi guda da ake kwasar kowa da ita ta raba wa sauran. Malam Kallamu ya binciki lamarin sosai, ya gano cewa laifin yanayi ne.

Maganin ya san shi. Ya sayo gishirin kasuwa, mai tsakuwa, ya narka ya zuba a kowane duro. Kullum a rage ruwa, a ƙara sabo, a ƙara gishiri, har ɗigon ya ɓace. Kafin nan babu wanda za a kai wa Darakta. Ya gwada shi da fara, ya gwada shi da tana, Darakta ya dube su ya kau da kai.

Ranar da aka fara magani, Malam Kallamu ya cika bokiti, ya kai bakin ƙofa. Kansa cike yake da bayani: yadda ƙwayar cutar ke rayuwa, yadda take faɗowa daga jikin kifi ta hayayyafa a ƙasan ruwa, dalilin da gishiri ke kashe ta. Ya waiga zaure, babu kowa. Maimakon ya yi gyaran murya, sai ya tsallake dokin ƙofa da bokitin a hannu.

Amsa tana zaune tana tsintar wake. Ta miƙe da sauri har tiren ya karkace.

"Lafiya, Malam? Kawo in karɓa."

"Bar shi, da nauyi. Ina kike zubawa?"

Ta nuna masa. Ya tsaya a gaban bishiyar yana kallo kamar an nuna masa ɗan da aka haifa ba ya gari.

"Ikon Allah. Wannan kuma yaushe ya girma haka?"

"Yana nan dai, Malam."

Ya juye ruwan a gindin, a hankali, yana zagayawa, kamar mai bikin dashen bishiya a gaban manyan baƙi. Da ya gama bai tafi ba. Amsa ta shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, ya zauna, ya fara bayani. Ta saurara, waken yana cinyarta. Ba ta san rabon da ta ji muryarsa ta yi tsawo haka a cikin gida ba. Can a tsakiyar magana ya dakata ya ce, "Wai a garinku me kuke kiran karfasa? Kakana yana faɗa, na manta."

Ta faɗa masa. Kalmar ta fito mata da ƙyar, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya maimaita, bai faɗa daidai ba, ta gyara masa, ya sake ɓatawa, ta yi dariya ta rufe baki da gefen mayafi.

"To shi ne na narka musu gishiri," ya ci gaba. "Kowane duro da awonsa."

Dariyar ta tsaya. A garinsu akwai wani fili a bayan gari, fari fat da kanwa, ko ciyawa ba ta fitowa, awaki ne kawai ke zuwa lasa.

"Malam, gishiri ka ce? A ruwan nan da ka zuba?"

"Ɗan kaɗan ne."

"Na ce ko bishiyar ba za ta so ba."

Ya dube ta. Fuskarsa ta koma irin ta ofis.

"Amsa, na yi shekara da shekaru ina koya wa mutane sha'anin ruwa. Gishirin da kifi ɗan mitsitsi ya zauna a ciki bai mutu ba, shi zai kashe itace mai saiwa?"

"Ni dai cewa na yi ko."

"Shi ke nan. Ba a yin alheri dole."

Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ɗauki bokitinsa ya fita.

Washegari da la'asar ta ji ƙarar watsa ruwa a lungu. Bokiti bai zo bakin ƙofa ba, gyaran murya ma babu. Ta ja ruwa a rijiya, ta bari lakar ta kwanta, ta shayar da lemonta da ruwa mai daɗi. Bishiyar ta tsira. Amsa ta zauna a gabanta har inuwa ta cinye tsakar gida. Tabarmar jiya tana jingine da bango, a naɗe.

Rana ta biyu ma haka. Ta kira Juwairiyya a waya.

"Mama, lafiya dai? Ina kan hanya ne, zan ɗauko yara daga makaranta."

"Lafiya lau. Lemon nan ne ya yi fure."

"Wane lemo? Au, wannan! Masha Allah. Mama, ba na jin ki sosai, bari in kira ki anjima. Ki gaida Baba."

Anjima ba ta zo ba. Amsa ba ta ji haushi ba, yarinyar tana da gidanta. Ta dafa tuwo, ta kai bakin zaure, ta ce ga abinci, aka ce an gode. Ta dawo ta ci nata a tsaye. Daga inda take tana jin muryarsa ƙasa-ƙasa yana yi wa Darakta magana, yana lallashinsa ya ci fara.

Ta yi kwanaki tana auna abin. Ba wai ba ta san abin da gishiri ke yi wa ƙasa ba. Ta sani sarai. Amma ta san kuma yadda tsakar gidan nan yake daga azahar zuwa magariba, lokacin da ko kaza ba ta kuka, kuma ta riga ta ɗanɗana yadda yake in akwai mutum a kan tabarma. Ta ce wa ranta maganin kifi ba zai daɗe ba, bishiya kuma tana da ƙarfi, za ta riƙa bin sa da ruwa mai daɗi tana wankewa.

Wata rana da la'asar ta je bakin ƙofa, ta tsaya daga ciki. Yana tsugune da tiyo a hannu.

"Malam."

"Na'am."

"Lemon nan yana jin ƙishi."

Bai juyo nan da nan ba. Sai da bokitin ya cika ya toshe bakin tiyon da babban yatsa.

"Ai na san za ki gane," ya ce. "Shimfiɗa tabarmar, ga ni nan."

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da Amsa ta yi a Tudun Gawo. Kullum zai shigo da bokiti, ya juye, ya zauna. Da bayanin cuta ya ƙare, ya shiga na dam, da na masunta, da na yadda aka lalata sashen kifi bayan tafiyarsa. Da wannan ma ya ƙare sai ya fara faɗin abubuwan da ba bayani ba ne. Ya ba ta labarin ranar da aka sanar da sabon darakta, yadda ya shiga banɗakin ofis ya kulle ya daɗe a tsaye, sannan ya fito ya je ya yi wa mutumin murna. Ba ta taɓa ji ba. Ita kuma ta ba shi labarin yadda mahaifiyarta ke matsa lemo a miyar ɗanyen kifi, da yadda ruwan tafki ke ja baya a bar jiragen kwale-kwale a kan yashi. Yakan katse ta ya gyara mata dalilin ja da bayan ruwan, amma yana ji. Wata rana har ya ce a kawo masa tuwonsa nan, zaure ya yi zafi. Suka ci a wuri ɗaya.

Furannin ne suka fara zuba. Ta ce ai fure dama yakan zuba. Sai bakin ganyayyakin ya fara ƙonewa kamar an kanga musu wuta, suna nannaɗewa. Da safe ƙasar gindin takan yi fari-fari, ta sa marfin gwangwani ta kankare, ta rufe da sabon yashi kafin la'asar.

Ruwan wankewar da ta yi wa ranta alkawari bai samu ba. Rijiya ta koma sai an jira ta tara, kuma gugan farko, mai haske, na ƙananan ma'aikata ne, domin marasa lafiya ne. Abin da ya rage na girki ne da sha. Amsa ta mai da alwalarta gindin lemo, sau biyar a rana. Ruwan wankin shinkafa can, ragowar buta can. Ta rage ruwan wankanta ya koma rabin bokiti, ta kai rabin can. Duk wannan bai kai bokitin Malam guda ba.

Ta gwada dabara. Ta haƙa ƴar siririyar hanya daga gindin zuwa rariya, ta rufe da busasshen ganye, don ruwan ya zurare. Ranar farko ya yi aiki. Rana ta biyu Malam Kallamu ya lura da ruwa na gudu.

"Kin ga asara! Shi ya sa ganyen ke bushewa, ruwan ba ya zama."

Ya nemi fartanya da kansa, ya toshe hanyar, ya ja ƙasa ya yi wa gindin kewaye mai kyau yadda ko ɗigo ba zai tsere ba. Ya yi gumi. Ya miƙe yana riƙe da ƙugu, yana murmushi, irin murmushin da ba ta gani ba tun yaran suna ƙanana.

"Sannu, Malam. Allah ya saka da alheri."

"Ba komai. Wannan rawayar da kike gani ƙarancin abinci ne. Daga gobe bokiti biyu zan riƙa kawowa."

Ta buɗe baki. Ya riga ya zauna a kan tabarma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana cewa, "Ina muka tsaya jiya? Yawwa, zuwana Baga na farko." Ta rufe bakin, ta zauna.

Ɗigon fari ya ɓace daga jikin kifayen. Malam Kallamu, da yake mutum ne mai bin ƙa'ida, ya ci gaba da gishiri na wasu kwanaki don kada cutar ta dawo. Ƙananan ma'aikata suka warware, suka koma rububin dusa, cikinsu ya yi fari tas. Ko ɗaya daga cikin na duro na uku bai mutu ba, kuma ya faɗa wa Amsa haka da alfahari, yana zaune a ƙarƙashin rassan da babu ganye ko ɗaya a jikinsu. Ya ɗaga kai ya dube su, ya ce wasu itatuwan haka suke, sai sun kaɗe kafin damina.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ƴan cirani suka fara dawowa da buhunan taki da sababbin wayoyi. Wata Juma'a aka ji muryar Muntaka tun daga lungu.

"Yallaɓai! Darakta yana nan, ko an yi masa ritaya shi ma?"

"Shigo, ɗan nema. Ai ka bar mu cikin jarrabawa. Zauna ka ji yadda na ceto ma'aikata gaba ɗaya."

Zaure ya cika har waje. Da la'asar ɗin ranar Amsa ta shimfiɗa tabarma. Ta ji an ajiye bokiti a bakin ƙofa, ta ji gyaran murya, ta ji takun ya koma. Ta je ta ɗauka. Ta ɗanɗana da yatsa, babu gishiri. Ta kai gindin lemo ta juye, ta naɗe tabarmar.

Ruwan sama ya sauka, mai yawa, ya wanke tsakar gida. Ciyawa ta tsiro a jikin katanga, ƙayar da ta kewaye bishiyar ma ta fara kore. Amsa tana dubawa kowace safiya. Ta sa farce ta kankari reshe, ciki busasshe ne, launin ruwan ƙasa. Ta sauka ƙasa ta kankara, haka. Ta tone gindin kaɗan, ta kankari inda saiwa ta fara. Ta daɗe a tsugune, sannan ta mayar da ƙasar ta daddanna da tafin hannu.

Juma'ar da ta biyo, ana tsakiyar taro, Malam Kallamu ya leƙo cikin gida da koma a hannu. Mariƙinta ya karye, ragar tana reto.

"Samo mini sanda miƙaƙƙiya, mai ƙwari. Yi sauri, mutane na jira, Darakta kuma ya ga abinci."

Ya koma. Amsa ta duba wajen murhu, kara ne da guntayen itace. Ta duba bayan ɗaki, babu. Ta tsaya a tsakiyar gida. Sannan ta ɗauki adda ta nufi kusurwar rijiya.

Sara kaɗan ya isa. Ta sassabe rassan, ta zauna a bakin rijiya da wuƙar girki tana bin ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya tana cirewa, ta kankare wajen riƙo ya yi santsi. Wata ƙaya ta soke ta a babban yatsa, ta tsotse jinin ta ci gaba. Da ta gama ta shafa tafin hannunta daga sama har ƙasa, babu abin da ya kama. Ta kai bakin ƙofa ta yi sallama.

Ya karɓa, ya lanƙwasa a gwiwa don ya gwada, sandar ba ta ba da kai ba.

"Madalla! Wannan ai ta fi ta da. Ina kika samo itace mai kyau haka?"

"A nan cikin gida."

"Kin kyauta."

Ya juya yana ɗaura ragar. Jim kaɗan ta ji ruwa ya fantsama, zaure ya ɗauki sowa, Muntaka yana cewa shi ma a ba shi zogale. Amsa ta ɗauko tsintsiya ta tattara ƙayoyin da suka warwatsu a bakin rijiya, don Malam yakan shigo alwala ba takalmi.